Wa Ya Sace Fiyus ɗin Gwaggo?

"Kai ka ƙona mini ɗaki, Tartsatsi! Kai ne, ba wani ba, kuma ko a gidanku aka ƙera lantarki, yau sai ka amsa!"

Gwaggo ce ke wannan magana a tsakar gidan haya, da rana tsaka. Ta shaƙe wuyan rigar mai gyaran wuta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana kaɗa masa guntun ƙonannen labule a hanci. Tartsatsi dogo ne, amma sai da ya rusuna, don in bai rusuna ba rigar ce za ta tafi ta bar shi.

Ga yadda aka yi. Da safe Gwaggo ta kulle ɗakinta ta tafi duba 'yarta mai ciwon haƙori. Ba ta bar komai a kunne ba sai ɗan firjin da take sanyaya ruwan sayarwa. Kafin ta dawo hayaƙi ya turnuƙe gida, maƙwabta sun ɓalle ƙofa da taɓarya, sun yi ta sheƙa ruwa da yashi. Wuta ta mutu, amma ta tafi da rabin katifa, ta tafi da labule, bayan firji ya narke ya manne da bango, bangon kuma ya yi baƙi ƙirin har rufi. Tela, maƙwabcinta, har da juye ruwan wanke-wanke a kan zannuwanta na fita unguwa, wai taimako. Takalminta ɗaya ma a cikin turmutsutsun ya ɓace, ta cire ɗayan ta yi jifa da shi, ta tsaya ƙafa a ƙasa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wutar ƙuna shi ne bakin Manaja. Shi ƙanin mai gidan ne. Yayansa na wani gari da harkokinsa, ya bar masa makullai, shi kuwa ya raɗa wa kansa Manaja ba tare da an yanka ko kaza ba. Kullum yana yawo da laima don rana kada ta taɓa masa girma, laimar kuma gefe ɗaya ya zube kamar fiffiken kazar da mota ta taka. Ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci, ya ce:

"Tsohuwa, na gaji. Kin jona hitar dafa ruwa kin tafi yawonki, kin kusa gasa mana bayin Allah. Kafin ƙarshen wata ki kwashe komatsanki."

"Hita? Ni da hita? A gidan ubanwa ka ga hita a ɗakina?"

"Ni dai na faɗa."

Ɗakin nan Gwaggo ta shige shi tun gashinta na baƙi. A nan ta yaye 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika. In ta fita ina za ta? Gidan suruki, ta zauna a lungu kamar tsohuwar tukunya, ana tambayarta ko ta sha magani? Ta san abu ɗaya: in ba a gano wanda ya jawo wutar nan ba, laifin a kanta zai kwana, kuma ɗakin ya tafi ke nan. Shi ya sa da Tartsatsi ya shigo kallon gobara da jakar kayan aikinsa, ta yi caraf ta cafke shi.

Tana da hujja kuwa. Watan jiya shi ya sake mata wayar ɗakin kakaf. Bai bar ta ta huta ba sai da ya ja ta kasuwa, ya sa aka kankare mata bakin waya da wuƙa don ta ga jan ƙarfe ne har ciki, ba fari da aka shafa wa ja ba. Ya ɗora mata soket biyu a tafin hannu ya ce ta ɗauki mai nauyi, mai ido uku, ta bar wanda iska za ta iya ɗauka. Ya sa ta sayi wayar da ake binnewa a ƙasa, ya ce ita ke kwashe mugunta in firji ya tashi jan mutum. Ta saya duka, tana saye tana zaginsa. Yanzu kuma a ce ɗakin da ya sha kaya masu nauyi shi ne ya kama?

"Gwaggo, sake ni in duba soket ɗin," in ji Tartsatsi.

"Ƙafarka ba ta sake taka ɗakina."

"To in duba fiyus a zaure."

"Mu je. Rigar tana hannuna."

Haka suka tafi, ita a gaba tana jan sa kamar an sayo rago. A zaure suka yi karo da Kofur, ɗan sandan unguwa, wanda wani ɗan bani-na-iya ya kira. Kofur ya zo ne da niyyar rubuta "sakacin tsohuwa" ya koma inuwa, har ya ciro biro yana karta shi a tafin hannu don ya ƙi kawowa.

Akwatin wuta na nan a bango, da gurbi huɗu: na Gwaggo, na Tela, na Mai Guga, da na sito. A kowane gurbi akwai fiyus, ɗan farin tangaran ɗin nan da ake zarewa. Tartsatsi ya fara sauke babban makunni, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Daga ciki Tela ya yi ihu, "Kai, waye wannan?" Ba wanda ya kula shi. Tartsatsi ya zare na Gwaggo, ya juya cikinsa, ya ƙura masa ido.

"Ka ga aikinka ko?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, dubi nan. Ni siririyar waya na sa miki, daidai ƙarfin wayar ɗakinki. Ita aikinta ta tsinke in kaya ya yi yawa. Ta mutu ita, ɗaki ya tsira. Wannan fa?"

Abin da ke ciki wani guntun ƙarfe ne, baƙi, mai kauri, an lanƙwasa bakinsa biyu an ɗaure da ƙarfin tsiya.

"Wannan ko gidan duka zai ƙone ba ya tsinkewa," in ji Tartsatsi. "Ni in na yi wannan aikin, Allah Ya sa filayata ta cije ni."

Gwaggo ta saki rigar, ta karɓi fiyus ɗin. Ba ta dubi ƙarfen ba. Gindinsa ta juya.

To, a gidan nan kowa ya san halinta. Gwaggo ba ta karatu, kuma ba ta yarda da kowa ba, don haka duk abin da ta mallaka sai ta ɗiga masa koren fenti a gindi: bokiti, kwano, tsintsiya, maficin kaba, har dutsen da take tokare ƙofa. Matan gidan na cewa da jikokinta za su tsaya da su ma ta ɗiga musu. Ranar da aka sa fiyus ɗin, sai da ta sa Tartsatsi ya jira fenti ya bushe.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Kofur, rubuta. An yi mini sata."

"Satar me, Gwaggo?"

"Fiyus."

Kofur ya dube ta, ya dubi biro. "Ni fa an ce mini gobara."

"Gobarar ɗiyar satar ce. In ka kama uwar ka kama 'yar. Tartsatsi, zare su duka."

Ya zare, ta jera su a kan benci, kowanne daidai gurbin da ya fito. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Ga ɗigon kore nan, ras, a gindin wanda ya fito daga gurbin Tela.

"Tela! Fito!"

Tela ya fito da tef a wuya da allura a baki. "Gwaggo, ɗinkin mutane nake yi."

"Ɗinkin da ka riƙe tun bara? Zai ƙara haƙuri. Wannan na waye?"

"Fiyus ne."

"Na ce maka kare ne? Na waye?"

Tela ya ga koren, allura ta faɗo daga bakinsa. "Wallahi, Gwaggo, ban san naki ba ne. Ni ba a gurbinki na ɗauka ba."

"Au, ka dai ɗauka."

"Aro na yi. Shekaranjiya ina tsakiyar rigunan 'yan makaranta nawa ya tsinke. Iyayen yara na bakin ƙofa suna kirana da sunayen da ba nawa ba. Sai na leƙo, na ga ba kowa, na zare na Mai Guga na sa masa nawa."

"Mataccen?"

"Ai ba a barin gurbi a buɗe, Gwaggo, haɗari ne."

"Ji mai tausayi. Me zai nuna gaskiya kake faɗa?"

"Nawa na ɗaura masa jan zare, don yana da taurin fita."

Kofur ya ɗaga wanda ya fito daga gurbin Mai Guga. Ga jan zare, ga waya a tsinke. Kofur ya fara jin daɗin aikin, ya mai da biro aljihu.

Ba a kira Mai Guga ba, da kansa ya iso, don duk yana bayan ƙofa yana ji. Gajere ne, hancinsa duk toka.

"Ashe kai ne, munafuki!" ya ce wa Tela. "Ni ina can ina hura gawayi kamar maƙeri, na ƙona wa mutum wandon zuwa ofis, na tsine wa masu wuta tun daga babbansu har mai gadinsu, ashe ɓarawon na jin tarina ta bango!"

"Dakata, mai gaskiya," in ji Gwaggo. "Shi ya sata a gurbinka. Kai a ina ka samo fiyus mai koren fenti?"

Mai Guga ya haɗiye sauran zagin. Ya fara kallon rufi.

"Da kai ake magana," in ji Kofur, ya gyara bel.

"Ranka ya daɗe, abin nan kowa na yi."

"Ni ba na yi," in ji Gwaggo.

"Ke dai ban da ke. Nawa ne ya tsinke makon jiya, na jona dutsen guga biyu a soket ɗaya."

"Na hana ka," in ji Tartsatsi.

"Ka hana, na ji, ban bari ba. To sai na duba na Tela, na ga yana ciki yana ɗinki, zai gane. Na dubi na Gwaggo..."

"Sai ka zare."

"Ni? In taɓa naki? Gwaggo, ina da iyali. Ranar da akuyar maƙwabta ta sha ruwa a bokitinki ai ina nan, na ga abin da ya samu mai akuyar. Na sito na zare. Na ce sito ba mai kwana, ko ƙwan fitila babu, wa zai sani? Na gan shi sabo fil, har na yi mamaki. Na sa nawa a wurin. Nawa kunnensa ɗaya a gutsure yake, ya taɓa faɗo mini."

Kofur ya ɗaga wanda ya fito daga gurbin sito. Kunne a gutsure, waya a tsinke.

"To, ƙarfen nan fa?" Kofur ya miƙa masa a fuska. "Ba irin wayar da kuke rataye riga ba ce?"

"Ranka ya daɗe, je ka ɗakina. Maratayaina duk na roba ne. Na ƙarfe tsatsa suke sa wa farar riga, na daina tun tuni."

Kofur ya je ya leƙa, ya dawo yana gyaɗa kai. Ya juya kan Tela. "Kai fa? Ba wani abu ne daga cikin kekenka ba?"

Tela ya karɓa, ya kai kusa da ido, don shi a kan ƙarfe da zare ba ya iya yin shiru ko da shirun zai cece shi. "Haba, wannan ai ba na keke ba ne. Dubi kwarin da ke tsakiyarsa, dubi 'yar hudar da ake ɗaure yadi. Ƙarfen laima ne. Ni da na ɗinke laima ta fi..."

Sai ya tsaya. Ya mayar da ƙarfen kan benci a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Duk wannan abin da ake yi, Manaja na tsakar gida. Bai shigo zaure ba, bai kuma tafi ba. Ya jingina da ƙofar sito, wanda ke manne da ɗakin Gwaggo, bango ɗaya ya raba su. Rana na dukan tsakiyar kansa, amma mutumin da bai taɓa yarda rana ta gan shi ba ya naɗe laima ya soke ta a bayansa. Sai musanya ƙafa yake kamar mai jin fitsari.

Gwaggo ta hango shi. Ta fito daga zaure, jama'a na biye, ta nufi ɗakinta kamar za ta ɗauko wani abu. Ruwan da aka kashe gobara da shi duk ya bushe, ya bar baƙin shata a siminti. Amma a gaban sito akwai wani ruwa, fari tas, yana silalowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana zagaye takalman Manaja. Gwaggo ta taka shi da tafin ƙafarta. Ta tsaya. Ta sake takawa da ɗayar.

Matar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da ruwan sanyi ba a koya mata sanyi.

"Manaja," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, abin da ya sa Mai Guga ja da baya. "Ruwan me ke fita daga sito?"

"Na gobara ne."

"Na gobara baƙi ne, kuma ya bushe."

"To rufi ne ke yoyo."

"Rabonmu da ruwan sama tun yaushe? Kuma girgijen naka a firji ya kwana? Kofur, cire takalmi ka taka."

Kofur bai cire ba, ya dai sunkuya ya taɓa da yatsa. "Kai! Kamar ƙanƙara."

"Buɗe mana laimarka, Manaja, rana na cin ka."

"Ba na jin zafi."

"Gumi har haɓa, ba ka jin zafi. Kawo in buɗe maka, ai girmanka ne."

Kafin ya yi motsi ta zare ta daga bayansa, ta danna. Laima ta buɗe, gefen nan ya zube yadda ya saba. Tela ya kawo guntun ƙarfen, ya kara a inda aka gutsure. Ya zauna daram, kamar bai taɓa barin gida ba.

"Laima ta cika gari," in ji Manaja. "Kowacce na iya karyewa."

"Gaskiya ne. Buɗe sito."

"Makullin na wurin Yaya."

Kofur ya fara sosa ƙeya. "Gwaggo, buɗe wuri sai da izini..."

"Da aka ɓalle tawa ƙofar wa ya nemi izini? Ina taɓaryar nan? Matar Tela, miƙo mini."

Matar Tela ta miƙo da sauri har tana tuntuɓe. Gwaggo ta ɗaga taɓarya sama. Sai ga makulli ya fito daga aljihun Manaja, shi kansa yana kallonsa kamar bai san da shi ba.

Aka buɗe. Wani ƙaton injin yin ƙanƙara ne ya cika rabin siton, tsoho, mai tsatsa, girmansa ya kai gadon mutum biyu. Ciki ƙullin ƙanƙara ne jere a leda, duk sun saki jiki suna zuba. Daga bayan injin wata 'yar siririyar waya ta fito, ta bi ƙasa, ta hau bango, ta shige wani rami da aka fasa da ƙusa da guduma. Bakin ramin ya yi baƙi.

Tartsatsi ya durƙusa, ya haska ramin, ya ɗora hannu a ka.

"Bayan soket ɗina ne! Ta baya aka fasa aka shiga! Jama'a, ku zo ku ga wulaƙanci. Ba a ɗaure da noti ba, murɗawa aka yi da hannu. Ko salatif babu, da ledar burodi aka naɗe!" Ya kankare bakin wayar da wuƙa, ya nuna wa Kofur. "Ka gani? Fara ce, an shafa mata ja. Wannan ko rediyo aka jona mata sai ta yi gumi, balle wannan dodon." Sai ya ɗago, ya ƙura wa Manaja ido. "Af! Shi ya sa kwanaki ka tare ni a hanya, wai wani abokinka na tambaya ko fiyus ɗin ɗaki zai ɗauki injin ƙanƙara. Na ce maka ko kunnawa ba za a gama ba zai tsinke. Na ce injin irin wannan sai an ja masa tasa waya mai kauri tun daga akwati, da nasa fiyus. Ashe abokin naka laima gare shi."

Kofur ya sake ciro biro, ya karta, wannan karon ya kawo. "Gwaggo, yi mini dalla-dalla yadda zan rubuta."

Gwaggo ta dogara taɓarya a ƙasa.

"Rubuta. Gurbi huɗu, fiyus huɗu. Mai jan zare na Tela ne. Mai gutsurarren kunne na Mai Guga ne. Mai kore nawa ne. Saura ɗaya, mai ƙarfen laima, wanda aka cusa mini. Tunda ukun nan duk da masu su, shi daga ina ya fito in ba sito ba? Wa ke da sito? Wayar siton ɓeraye sun cinye ta tun mijina na da rai, kowa ya sani. Wannan bawan Allah ya sayo inji, ya ga ɗakin tsohuwa ya sha sabuwar waya, ya ce ga banza ta faɗi. Ya fasa bango ya jona. An gaya masa fiyus ɗina ba zai yarda ba, sai ya cire shi ya sa mini wanda ba ya cewa a'a. Nawa kuma ya ajiye a gurbin sito, yana ganin ya ɓoye. Bai san gidan da yake wa manajanci ba. Bai san a gidan nan in ka ajiye fiyus mai rai ka juya baya, kafin ka waiwayo ya yi aure sau biyu ba. Da wutar ɗakina ta mutu, injinsa ya mutu, ƙanƙara ta fara kuka ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ya sa yake sauri in kwashe kaya, ya toshe raminsa kafin a janye firji a gani. Hita! Ka rubuta hitar ma, ka ja mata layi."

Manaja ya share gumi. Murya ta sauya, "Tsohuwa" ta ɓace.

"Gwaggo, uwata, ai abin bai kai haka ba. Aro na yi. Kuma in kin duba, yabo ne. Duk gidan nan wayarki ce kaɗai mai ƙarfi."

"Ka ji, Tartsatsi, ana yabonka."

"Ni dai a gyara mini wuyan riga," in ji Tartsatsi.

"Tela zai ɗinke, kyauta, ladan aron da ya yi. Kada ka tsaya kana jiran in ba ka haƙuri, da ka ɗaure akwatin nan da kwaɗo da duk ba a yi haka ba."

"Maganar tashi kuma a bar ta," in ji Manaja da sauri. "Ki zauna abinki. Wa ya isa ya tashe ki? Ni da wasa nake."

"Da wasa? Ka tsaya a gaban matan gida da yaran unguwa ka ce na kusa gasa mutane, da wasa? Da ina kwance a katifar nan da rana, ƙafata na ciwo, yanzu da wa kake wa wasan?"

Manaja ya sunkuyar da kai.

Kofur ya kama hannun Manaja. Manaja ya roƙi a bar shi ya kira yayansa tukuna. Ya kira, ya koma gefe yana ƙus-ƙus, yana rusunawa kamar yayan na ganinsa. Can ya dawo ya miƙa wa Kofur wayar. Kofur ya saurara, "To, ranka ya daɗe... haka ne, ranka ya daɗe," hannunsa kuma na sassautawa daga hannun Manaja a hankali.

"Gwaggo," ya ce, "mai gida ya ce a yi haƙuri. Ya ce abin cikin gida ne, a rufa wa juna asiri. Zai sa a shafa fenti."

Gwaggo ta fizge wayar.

"Kai ne mai gidan? To ni ce Gwaggo, wadda ta goya ka ranar da uwarka ta zo karɓar haya kana tsala ihu da majina har baki. Ka buɗe kunne. Asirin wa za a rufa? Nawa an tona shi a tsakar gida, an ƙona shi, an zuba masa ruwan wanke-wanke. Fenti? Ni na fi ka sanin fenti. Ba inda za ni, wannan na gama da shi, ba kyautarka ba ce. Amma kai ka ɗauki makullan gidan da mutane ke kwana da 'ya'yansu ka damƙa wa mutumin da ke naɗe wuta da ledar burodi, ka tafi ka miƙe ƙafa. Ƙaninka na hannun Kofur, kuma ina riƙe da ɗaya hannun, in Kofur ya saki ni ban saki ba. Kai kuma ka hau mota ka zo. Ba aike ba, ba waya ba, kai da ƙafarka. Ka tsaya a tsakar gidan nan inda aka kira ni mai ƙona mutane, ka dubi katifata, ka dubi bangona, ka dubi idona, ka gaya wa jama'a da bakinka wa ya sa wutar nan, kuma wa ya ba shi makulli. Ina zaune a bakin ƙofa. Ka zo ka amsa!"